Magana da Takalmi a Ƙafa

Dungas, ranar Laraba

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a gidan kawunka a Damagaram, kai da su duka, manya da yara. Allah ya tsare hanyarka, ya kiyaye ka daga sharrin mota da sharrin mutum, ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Hatsi ya shiga rumbu, wake ma ba laifi, kuma bayan shekarun farin nan da muka sha, wa ya isa ya yi ƙorafi? Labarin gari ke nan. Ba zan ƙara ba, don ba shi ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami, ba.

Ka san kai ne ɗan fari, ga kuma sunan mahaifina a kanka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama da kai tabarma ɗaya mun yi hira ba. Haka muka taras, haka muka yi. In ina da magana sai in bi ta bakin innarka, ko in faɗa wa bango lokacin da na san kana kusa. To yau ga amfanin karatun manya da na yi rani biyu ina zuwa, da furfurata, abokaina suna yi mini dariya. A takarda ba na jin nauyinka. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da tufkar igiya.

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ranar da mushenku na lakwal, malamin makarantarku, ya zo ya ce sunanka ya fito, gwamnati za ta kai ka Yamai shekara biyu ka koyi aikin da suke kira asistan soshiyal. Na ce ya fassara mini. Ya ce ai mutum ne da ake kai wa kuka in zaman iyali ya yi tsami, ya saurari miji, ya saurari mata, ya gyara tsakani. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce, "Mushe, ashe abin da na yi shekara talatin ina yi a kan jaki, shi ne yanzu ake ba wa diplom?" Daga nan har Sassumbrum, mata nawa suka yi yaji aka aike ni biko? Ni ba biro, ba tebur, daga ni sai jakina da ƙunshin kabata. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Sai ma na ji kamar an zo har gida an ce mini an gode.

Amma ga abin da ya hana ni sakewa. Shekaranjiya Litinin da ka tashi, ina zaure ina kallo. Ka fito da balis ɗin kayanka a hannu, ka tsaya bakin ƙofar ɗakin matarka Rabi, ba ka shiga ba. Ka ce mata, "To, ni na tafi. Za ki zauna wurin su Inna har in gama. In an yi hutu zan zo." Ta ce, "To. Allah ya kiyaye." Ka juya ka nufi kamyo, motar da za ta kai ka Damagaram. Shekara biyu, Abba! Yarinyar da ko damina biyu ba ta yi a gidan nan ba. Kai kaɗai ka yanke, ka gaya mata a tsaye, takalminka a ƙafa. Kai da za ka je koyon gyaran auren mutane. Direban da ya kai ka ya ce sai nan da kwana goma za a kwashe ku zuwa Yamai, ana jiran takardunku. A kan kwana goman nan nake so mu yi magana.

Wa'azi ba nawa ba ne, ka san ban yi nisa a karatu ba. Kurakuraina zan zayyana maka, ka ɗauki abin da za ka ɗauka.

Biko na farko da na yi a Dogo-Dogo ne. Lokacin ina da ƙuruciya, ina da baki, in na fara magana ni kaina daɗin muryata nake ji. Wani manomi, Ila, matarsa Tsahara ta yi yaji, maigari ya ce in je. Na tara dattijai a gindin gawo, har da mahaifin Ila. Aka kira Tsahara ta durƙusa can gefe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na buɗe baki tun hantsi ban rufe ba sai da aka kira azahar. Na kawo zancen ƴaƴa, na kawo zancen zumunci, na kawo zancen lahira. Dattijai sai gyaɗa kai suke yi. Daga ƙarshe na ce, "Tsahara, ki yi haƙuri ki koma ɗakinki." Ta ce, "To." Aka shafa fatiha. Na hau jakina ina jin duk ƙasar nan babu kamata.

Kafin a yanke gero ta tafi. Wannan karon ba gidan ubanta ta nufa ba, ta ƙetare iyaka wurin danginta na Najeriya, auren ya mutu murus. Sai bayan shekara shida na gan ta a kasuwar Magarya tana sayar da daddawa. Ita ta fara gane ni. Ta ce, "Malam Haruna mai biko! Ranar nan ka yi magana mai daɗi. Ko ɗaya ban ji ba."

Na tsuguna na ce, "Don Allah, Tsahara, me ya raba ku?"

Ta ce, "Gamanata." Ka san gamana, ƴar gonar da miji kan yanka wa matarsa ta noma abin kanta. Shekara uku tana ɗauko takin awakinta a ka tana zubawa, har wurin ya yi baƙi ya yi kyau. Da Ila ya ga haka sai ya karɓe ya shuka gyaɗarsa, ya nuna mata wani fako can bayan tudu inda ko ƙaya ba ta tsira.

Na ce, "Haba! Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? A gaban dattijai goma sha wani abu, har da surukina, zan buɗe baki in ce ɗansa ya ci gonata?"

Abba, har yau abin yana raina. Maganar da za a kashe da tafiya ɗaya zuwa bakin gona, na bar ta ta kashe aure. Saboda haka kada ka yarda da "to" ɗin da aka faɗa a gaban taro. Kai kuwa sai ka fi ni shiga haɗari, don za ka zauna bayan tebur da wando da bik a aljihu, mutanen ƙauye kuwa da sun ga haka "to" ke fara fitowa tun ba a tambaye su ba. Ka ga kowa shi kaɗai tukuna. Ka rage magana. Tun daga ranar nan na soma tafiya da kaba. In na je gida sai in tuɓe takalmi, in zauna a ƙasa, in kama tufkar igiya, idona a kan hannuna. Ba na kallon fuskar mutum, ba na gaggauta shi. Wata sai igiya ta kai kamu biyar kafin ta ce uffan, amma in ta soma, gaskiyar ce ke fitowa. Ban san abin da za su ba ka a Yamai maimakon kaba ba. Ko mene ne, ka nemi abin da zai riƙe maka ido da baki.

Na biyu kuwa abin dariya ne, ko da yake wanda abin ya faɗa wa bai yi dariya ba. Ka san Mati mahaucin nan na Sassumbrum, wanda in mun haɗu yake amsa gaisuwata da hanci? To ni na jawo. Matarsa Zuwaira ta yi yaji saboda shirunsa. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya hana abinci, amma sai ya wuni ya kwana bai ce mata kanzil ba. Ina zaune ina tufka, ta gaji ta fashe. Ta ce, "Malam, akuyar gidanmu ta fi shi hira. Ita ko ba komai in na shigo tana cewa mee!"

Maganar ta ba ni dariya, na kasa riƙe ta. Ran kasuwa na sami Mati a bakin rumfarsa cikin abokansa, na ce, "Ka ji abin da aka ce da kai?" Na zazzage masa duka, har da kukan akuyar. Kai, ban taɓa ganin fuska ta canja haka ba. Daga ranar, duk inda Mati ya gifta a kasuwa sai ka ji wani ya yi "mee" daga bayan rumfa. Bikon da zai ci kwana biyu sai da ya cinye rani ɗungurungum, don yanzu shi ne ya rantse ba zai karɓe ta ba. Da ƙyar da roƙo aka shirya. Yau ga su da jikoki, an ce ma har hira yake yi mata, amma ni bai yafe mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da mutum ya faɗa da zafi, amana ce ya ba ka, a wurinka zai tsaya. Abin da ya kamata in kai wa Mati shi ne, matarka tana so in ka shigo ka gaishe ta. Shi ke nan fa. Ku kuma an ce komai a kaye, wato littafin rubutu, kuke rubutawa. Ka yi hankali da abin da za ka sa a ciki, don ni bakina ya yi ɓarna a kasuwa ɗaya, kaye kuwa ban san hannu nawa zai bi ba.

Na uku shi ne wanda na daɗe ina kewaya shi. Ba ka san shi ba, kana goye aka yi, kuma innarka ba mai tone-tone ba ce.

A lokacin sunana ya fita. Ko ina aka yi yaji, "a kira Malam Haruna." Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye maka ba. Wata kaka, bayan an gama ɗaurin hatsi, na yi abin da kowane magidanci ke yi. Na auna wa innarka abin da zai kai su, na kwaɓa laka na liƙe bakin rumbu sai damina. Ban tambaye ta komai ba, don ban taɓa ganin wanda ya tambaya ba. Ina wanke hannu aka aiko daga Sassumbrum. Na ɗaura wa jaki akumari, na leƙa ƙofar ɗakinta na ce, "Na tafi. Hatsi na nan na auna. Sai na dawo." Ta ce, "To."

Daga Sassumbrum aka wuce da ni wani ƙauye, daga can aka ce akwai wata rigima a Bande. Kwana ashirin ban ga gida ba. A Bande na zauna kwana biyu a kan auren wani mai saƙar tabarma, Allah ya taimake ni aka shirya. An shafa fatiha ke nan, ina karɓar godiya, sai wani tsoho ya gyara murya ya ce, "Malam Haruna, aikinka ya yi kyau. To taka fa, wa zai yi mata biko?"

Na ce, "Tawa wace?"

Sai aka bushe da dariya. Ka san Bande garin innarka ne. Ashe kwananta goma sha biyu a gidan ubanta da kai a bayanta, lungu biyu tsakaninta da inda nake zaune ina koya wa wani yadda ake riƙe mata. Duk garin ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige.

Na nemi wani dattijo ya je mini, kamar yadda aka saba. Kakarka ta wajen uwa, Allah ya ji ƙanta, ta maido shi. Ta ce, "A gaya wa mai biko ya zo da kansa. Ai shi ne gwani." Ka san nauyin da ke tsakanin mutum da surukansa. Ni da ko hanya ba na haɗawa da su, ga ni a zaurensu a zaune. Ban san abin da zan yi ba, sai na kwance kabata na kama tufka. Ranar farko fura kawai aka miƙo mini. Rana ta biyu ina jin kukanka daga cikin gida, ba wanda ya leƙo. Rana ta uku da la'asar, igiya ta taru a gabana har ta isa ɗaure shanu, sai ga innarka. Ta tsaya bakin ƙofar zaure, kai a goye, takalminta a ƙafa, ko sallama ba ta yi ba.

Ta ce, "Hatsin da ka auna ya isa, ban ji yunwa ba. Na zo gida ne. Sai na dawo." Ta juya za ta koma ciki.

Na ce, "Haba, haba! Haka a tsaye? Kwana uku ina zaune a nan, ko zama ba za ki yi ba?"

Ta waiwayo ta ce, "Ya ka ji?"

Na ajiye igiyar.

Ta ce, "Shekara uku haka kake yi mini. Matar kowa, ka tuɓe takalmi ka zauna ka wuni kana saurarenta. Ni kuwa maganarka daga bakin ƙofa take zuwa, kafin in ɗaga kai sai ƙeyarka. Ka liƙe rumbu, ka yi tafiya, ka sayar da tunkiya, duk sai dai in ji an gama. Ni ma mutum ce, Malam."

Wallahi Abba hawaye ya zo mini, a zauren surukaina, da girmana. Na ce, "Zauna, don Allah." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tuɓe takalmi ta zauna can ƙarshen tabarma, ta sauko da kai ta ɗora a cinya. Na ci gaba da tufka. Na ce, "Da na tambaye ki kafin in liƙe rumbun, me za ki ce?" Ta ce da ta ce in bar mata dami biyu na jar dawa a waje, saboda kununka. Dami biyu! Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan. Sauran duk yadda ka yi daidai ne."

Washegari muka komo, ita a kan jaki ni a ƙasa. Na fasa bakin rumbun na ciro mata dawarta, maƙwabta suna kallo suna cewa Malam Haruna ya taɓu. Tun daga shekarar ban sake kwaɓa lakar rumbu ba sai na shiga ɗakinta na zauna mun yi magana. Kai kanka ka sha ganin takalmina a ƙofarta da kaka, wataƙila ba ka san dalili ba. Ba na ce mun daina faɗa ba. Jiya ma mun yi a kan igiyar guga. Amma ba ta sake zuwa Bande ba sai biki ko suna, kuma in ka tambaye ni abin da na samu a duniyar nan wanda na fi godiya a kai, zaman nan ne nawa da ita.

To, mu komo kan Rabi. Ban san abin da take so ba. Ba zan iya tambayarta ba, ni surukinta ne, in ta hango ni ma canja hanya take yi. Wataƙila zaman nan wurinmu ya yi mata. Wataƙila Yamai take so ta bi ka, ko ɗaki ɗaya ne ku matsu. Wataƙila ta fi son ta koma Magarya wurin iyayenta har ka gama. Tun da ka tafi tana daka, tana ɗebo ruwa, tana gaisuwa, ba ta ɓata fuska ba. Komai aka ce mata sai ta ce "to." Ni kuwa na san wannan "to" ɗin, sau biyu yana kayar da ni.

Na tambayi innarka ko ta san abin da ke ran yarinyar. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "To mene ne?"

Ta ce, "Ba zan gaya maka ba. Kai ne mijinta?"

Ka ji fa. Saboda haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Ka hau kamyon Magarya ka komo, ko kwana ɗaya ne. Karatun ba zai gudu ba. Ka ajiye balis a gidan kawunka, kada ta gan ka da kaya a hannu. Ka tuɓe takalmi, ka shiga, ka zauna. Kada ka zo da abin da ka riga ka yanke. Ka tambaye ta, sannan ka yi shiru, ko shirun zai kai la'asar. Na haɗo maka da ɗan ƙunshin kaba tare da takardar nan, na san ka iya tufka, ka sha satar kallon hannuna kana tsammanin ban gani ba. In ta ce Yamai, za mu san yadda za a yi, kawunka yana da mutane a can. In ta ce nan, ƴarmu ce, ba abin da zai same ta. Ranar da za ka zo ni gona zan tafi in wuni, don kada ka ji nauyina.

In ka yi wannan, ka tafi Yamai da zuciya ɗaya. Aikin da ka zaɓa aiki ne mai kyau. Ba ya tara dukiya, wani lokaci waɗanda ka shirya ma su manta da kai, amma akwai daɗi in ka wuce wani gida ka ji ana daka ana dariya, ka san ka taɓa zama a ƙofar nan da igiya. Ina alfahari da kai. A baki ba zan iya faɗa ba, ga shi na rubuta.

Allah ya yi maka albarka. Ya buɗe maka karatu, ya haɗa ka da malamai na gari da abokai na gari. Ya tsare ka a hanya, zuwa da komowa, ya zaunar da gidanka lafiya. Ka gai da kawunka da iyalinsa.

Ni ne mahaifinka,
Haruna

Ƙari, ranar Alhamis. Takardar nan jiya ya kamata ta tafi. Da na gama, direba yana ta matsa oda a bakin kasuwa, sai na ruga ƙofar innarka in karanta mata kafin in liƙe. Na kai rabi ban ji ta ce komai ba. Na ɗaga kai, sai na ga ba fuskata take kallo ba, ƙafata take kallo. Na duba. Ga ni a tsaye a bakin ƙofa, takalmina a ƙafa.

Na tuɓe, na shiga, na zauna, na soma daga farko. Kamyo ya tafi ya bar ni. Ta saurara har ƙarshe, ta ce gyara ɗaya ne, kwana huɗu na yi a zauren, ba uku ba. Ta kuma ce in gaya maka ta share bakin ƙofar Rabi, akwai wurin ajiye takalmi.

Saura kwana tara, Abba.